Musa bin Maimun, malamin Yahudawan da ya ƙi cin abinci da karatunsa

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da duk abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan bani fili in yi magana a kan wani mutum da na daɗe ina karanta tarihinsa kuma har yau abin nasa bai daina taɓa ni ba, wato Musa bin Maimun, wanda Turawa ke ce ma Maimonides, Yahudawa kuma su ce Rambam. Rabbi ne, wato malamin addinin Yahudawa, mai fatawa da karantarwa da rubuta littattafai. Ni musulmi ne, addinina daban nasa daban, wannan a sarari yake, amma halin kirki in ka gan shi a wurin mutum ai sai ka faɗa.

Da yawa in sun ji sunan nan Maimonides sai su ɗauka wani Bature ne, alhali mutumin nan cikin Larabci ya tashi cikin Larabci ya mutu. An haife shi wajen 1138 a Ƙurɗuba ta Andalus, garinsu ɗaya da Ibn Rushd, mahaifinsa alƙali ne na Yahudawan garin. Yana ɗan shekara goma Muwahhidun, wata daular musulmi daga Maroko, suka ci Ƙurɗuba a 1148, suka janye amanar da ake ba Yahudawa da Kirista, ko ka canza addini ko ka bar gari, kuma gaskiya wannan ba abin alfahari bane a tarihinmu, gara a faɗe shi yadda yake. Haka iyalin nan suka yi ta gararamba shekara da shekaru, suka zauna Fas ta Maroko, a 1165 suka hau jirgin ruwa zuwa Akka suka ziyarci Ƙudus, daga ƙarshe dai suka yada zango a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira. Abin mamaki a cikin wannan gudun hijirar ne ya fara sharhin Mishna, littafin dokokinsu na baka, yana da shekara 23 ya gama yana da 30, da Larabci ya rubuta amma da baƙaƙen Ibrananci.

To ga inda nake so in tsaya. Mutumin nan ya tsaya kai da fata cewa bai halatta malami ya mai da karatun Attaura abin neman abinci ba, ya rubuta haka ƙarara kuma ya san manyan malaman zamaninsa ba za su ji daɗi ba tunda da yawansu da kuɗin jama'a suke rayuwa. Da farko abin ya zo masa da sauƙi saboda ƙaninsa Dawud ɗan kasuwa ne mai fataucin duwatsu masu daraja, shi ke riƙe da gida, yayan na karatu ƙanin na nema. Sai Dawud ya tafi fatauci Indiya jirginsu ya nutse a teku, ya tafi da dukiyar gidan gaba ɗaya har da ta mutane da ke hannunsa, ya bar mata da ƙaramar 'ya. Musa da kansa ya rubuta a wata wasiƙa cewa kusan shekara guda yayi a kwance yana jinya saboda baƙin ciki, kuma bayan shekara takwas in ya ga rubutun hannun ƙanin nan sai zuciyarsa ta karye, don shi ya rene shi kuma shi ya karantar da shi. Wallahi duk wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa ya san abin da yake faɗi.

A nan ne fa ake gane mai gaskiya, don da ya so da sai yace lalura ta sa, jama'a ku ɗauki nauyina, kuma babu mai zarginsa tunda shi ne babban malaminsu har ya riƙe shugabancin Yahudawan Masar. Bai yi haka ba, sai ya koma ga likitancin da ya karanta tun yana ƙasar Magrib ya riƙe shi sana'a. A hankali sunansa ya fito har ya zama likitan Alƙali al-Fadil, wazirin Salahuddin al-Ayyubi, daga baya kuma ya duba al-Afdal ɗan Salahuddin, ya rubuta risaloli na magani wajen goma duk da Larabci, akwai ta asma akwai ta dafi da makarinsa.

A 1199 ya rubuta ma Ibn Tibbon, wanda ke fassara littafinsa a kudancin Faransa kuma yake son zuwa ya gan shi, yace kada ya wahalar da kansa don ba zai samu ko awa ɗaya da shi ba, sai ya zayyana masa yadda yininsa yake. Da sassafe zai hau dabbarsa daga Fusɗaɗ zuwa fada a Alƙahira ya duba sarki da iyalinsa da fadawa, ba ya dawowa sai bayan rana ta karkata, ya dawo da yunwa ya tarar zaure cike da mutane, Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba, manya da talakawa, sai ya sauka ya wanke hannu ya roƙe su su yi masa haƙuri ya ɗan sa wani abu a baki, kuma abincinsa kenan na yini guda, daga nan sai duba marasa lafiya har dare ya yi, wani lokaci a kishingiɗe yake rubuta magani saboda gajiya har magana ta gagare shi. Ranar Asabar ce kaɗai jama'arsa ke samunsa ya karantar da su. Kuma duk fatawar da ake aiko masa daga ƙasashe yana amsawa, har mutanen Yaman ya rubuta ma doguwar wasiƙa ta ƙarfafa gwiwa lokacin da aka matsa musu.

Babban aikinsa shi ne Mishne Tora, juzu'i 14, shekara goma yana yinsa ya gama wajen 1180, ya tattara dokokin addininsu da suke warwatse ya jera su babi babi da Ibrananci mai sauƙi don wanda bai da lokacin nutso cikin Talmud, wato babban kundin sharhin malamansu a kan Mishna, shima ya san abin da ke kansa. A ciki ne ya kasa sadaka hawa takwas, mafi ƙasa ka bayar kana ɓata rai, can sama akwai wadda mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba, amma wadda ta fi duka ita ce ka ba mutum rance ko jari ko ka nema masa aiki yadda ba zai sake miƙa hannu ba. Kaga mutumin da ya san ɗacin rasa komai shi zai yi wannan tunanin.

Sai littafinsa Dalalatul Ha'irin da ya gama wajen 1190, wanda asalinsa saboda almajiri ɗaya ya rubuta, Yusuf bin Yahuda, da yayi karatu a gabansa sannan ya koma Halab ta Siriya, malamin ya riƙa aika masa babi babi don ya warware masa ruɗanin da ke tsakanin nassi da falsafa. Wannan ya burge ni matuƙa, almajiri ya tafi amma malam bai sake shi ba. A nan zaka ga yadda ya sha daga Farabi da sauran malaman musulmi bai ɓoye ba, don ra'ayinsa shi ne a karɓi gaskiya daga bakin duk wanda ya faɗe ta.

Ya sha suka kam, wasu malamansu sun ce me yasa bai kawo madogara ba a Mishne Tora, wasu suka ce falsafa ta yi masa yawa, har aka ƙona littattafansa a Faransa bayan rasuwarsa. Ya rasu a Fusɗaɗ a 1204, kabarinsa na garin Ɗabariyya a bakin tafkin Galili, kuma Ibn Abi Usaibi'a, malami musulmi, ya sa shi cikin littafinsa na tarihin likitoci da yabo. Wasu takardu da rubutun hannunsa da aka samo a ma'ajiyar wani tsohon wurin ibadar Yahudawa a Fusɗaɗ suna Jami'ar Kambirij yanzu, har da wasiƙar da Dawud ya aiko masa daga tashar Aizab a bakin Bahar Maliya kafin ya hau jirgin nan.

Roƙona Malam Edita, a shafinku na tarihi ku ware mako guda ku kawo tarihin mutumin nan cikakke, in da hali ku fassara mana wasiƙar nan ta 1199 zuwa Hausa gaba ɗayanta. Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai karanta jaridarku kullum