Hannun jarin masu ƙera cip yana hawa, salular talaka tana ƙara tsada

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto wannan wasiƙa ne daga Maradi game da labaran da kuke kawo mana a shafin tattalin arziki kan kamfanonin da ke ƙera cip, wato ɗan baƙin abin nan da bai kai farcen babban yatsa ba, wanda shi ne ƙwaƙwalwar kowace salula da kwamfuta. Sana'ata gyaran salula ce da sayar da ita a wata rumfa kusa da Babbar Kasuwa, kuma shekara goma sha biyu ke nan ina buɗe bayan wayoyin mutane ina duba cikinsu da madubin ƙara girma. Saboda haka idan kun ambaci cip, ba labarin wata duniya kuke ba ni ba, abu ne da nake ɗagawa da hantsaki kullum. Ƙorafina shi ne kuna kawo mana adadin kuɗin da ke tsorata mai karatu, amma ba ku cika haɗa mana shi da wayar da ke aljihunsa ba, alhali akwai igiyar da ta ɗaure su.

Adadin kuwa abin mamaki ne. Kamfanin Nvidia na Amurka, wanda aka kafa a 1993 kuma ya daɗe ana saninsa da kayan wasannin kwamfuta, darajarsa a kasuwar hannayen jari ta kai dalar Amurka tiriliyan 1 a watan Mayu na 2023, ta haura tiriliyan 3 a watan Yuni na 2024, ta kai tiriliyan 4 a watan Yuli na 2025, sannan ta taɓa tiriliyan 5 a watan Oktoba na 2025. Dole in riƙa cewa dalar Amurka, domin a nan wurinmu in ka ce dala, sefa biyar ake ji, kuma wani dattijo da na karanta wa labarin ya yi ta lissafi da dalarmu har ya ce ai kuɗin ba su kai yadda ake zuzuta su ba. Abin da ya ɗaga kamfanin shi ne cip ɗinsa ne ake amfani da shi wajen horar da ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke kwaikwayon tunanin ɗan Adam, kuma manyan kamfanoni irin su Microsoft da Google da Meta suna rige-rigen saye. Shi kansa Nvidia zane yake yi, ba shi da masana'antar ƙira. Mai ƙera masa shi ne TSMC na tsibirin Taiwan, shi ma kuma injinan da yake buga mafi ƙanƙantar zane da su kamfani ɗaya ne tak a duniya ke yin su, ASML na ƙasar Holan.

Abin da nake so a riƙa bayyana wa mai karatu shi ne darajar hannun jari ba kuɗi ba ne da aka ƙirga aka zuba a buhu. Zato ne a kan ribar gobe. Mu mutanen Maradi mun san wannan ciniki tun ba yau ba, domin duk kaka alhazai na sayen aya da wake su jibge a mangaza suna jiran farashi ya tashi, kuma kowa ya san shekarar da aka ci riba da shekarar da aka fito da kaya aka sayar ƙasa da yadda aka saya. A ranar 27 ga Janairu, 2025, bayan wani kamfanin Sin mai suna DeepSeek ya fito da manhajar ƙirƙirarriyar basira da ya ce ya horar da ita da kuɗi kaɗan, darajar Nvidia ta zube da kusan dalar Amurka biliyan 590 a yini guda, biliyan ɗin da mu a nan muke kira miliyar. Wannan ya ninka abin da Nijar gaba ɗaya ke samarwa a shekara fiye da sau ashirin, kuma babu masana'antar da ta ƙone, babu jirgin da ya nutse, zaton mutane ne kawai ya girgiza. Daga baya farashin ya farfaɗo ya wuce inda yake. Amma masu dogon tunani suna tuna kamfanin Cisco, wanda a watan Maris na 2000 ya zama mafi daraja a duniya saboda zumuɗin intanet, sannan hannun jarinsa ya rasa fiye da kashi 80 cikin ɗari, ya shafe sama da shekara ashirin bai koma farashinsa na da ba, duk da cewa intanet ɗin da aka yi zato a kanta ta zo da gaske.

Wayoyin da ake kawo mini gyara ba su da alaƙa da cip ɗin Nvidia. In ka buɗe Tecno ko Itel ko Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen, galibi abin da za ka tarar a kan allon shi ne tambarin MediaTek na Taiwan ko Unisoc na Sin. Waɗannan ne suka sa salula ta shiga hannun mai tallan fura da ɗan kabu-kabu, domin suna haɗa cip mai arha da tsarin da ƙaramar masana'anta za ta iya ɗora waya a kai ba tare da kashe kuɗin bincike ba. Aka ƙara mata gurbin layi biyu da batir mai jure rashin wuta, ita kuwa kasuwar Afirka ta karɓa hannu bibbiyu. Ban taɓa ganin sunan waɗannan kamfanoni a kanun labaranku ba, alhali su ne ke cikin aljihun mafi yawan masu karanta ku.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ne ma'adana, wadda waya ke riƙe aiki a cikinta yayin da take gudana. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan dukkan kasuwar wannan ma'adana a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Cip ɗin ƙirƙirarriyar basira yana buƙatar wata ma'adana ta musamman mai tsada da ake kira HBM, kuma Micron da kansa ya ce ƙera ta na cin fallen silikon, wato faifan da ake yanko cip daga jikinsa, kusan ninki uku na wanda ma'adana ta yau da kullum ke ci. Manomin da ke da gona ɗaya, in ya ga riɗi ya fi hatsi kuɗi, riɗi zai shuka, ba don ya ƙi masu cin tuwo ba, kuma in manoma da yawa suka yi haka, tiyar hatsi ce za ta tashi a kasuwa. Haka aka yi. A ƙarshen 2025 farashin ma'adana ya yi tashin gwauron zabo, har a watan Disamba Micron ya sanar da cewa zai daina sayar da kayansa na Crucial da talakawan masu kwamfuta ke saye, domin ya mai da hankali ga manyan masu saye. Hannun jarin waɗannan kamfanoni ya hau saboda dalilin da ya sa kayan wayar talaka suka yi tsada, kuma wannan ne ban ga an faɗa a fili ba.

Kwanakin baya wata dattijuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta zo rumfata da kuɗinta a ƙulle a bakin zane. Ba ta karatun boko, amma da saƙon murya na WhatsApp take karɓar odar masu sari, da shi kuma take jin muryar ɗanta da ke Agadas. Wayarta ta cika, tana tsayawa cak in saƙo ya shigo. Ta ce, "Ɗana, irin wadda ka sayar wa maƙwabciyata bara nake so, ga kuɗin daidai." Na ce, "Inna, kuɗin bara ba su sayenta bana." Na ɗauko mata wadda kuɗinta suka kai, ta ga an rubuta babban adadi a jikin kwali ta yi murna, ni kuwa na san rabin adadin aro ne daga wurin ajiyar hotuna, ba ma'adanar gaske ba ce, dabara ce da ta zama ruwan dare a kwalayen wayoyi masu arha. Na faɗa mata gaskiya. A ƙarshe tsohuwar wayar muka share, muka kwashe hotunan jikoki zuwa kati, ta mai da kuɗinta bakin zane ta tafi.

Ba zan ɗora dukkan laifin a kan masu ƙera cip ba. Muna da namu nauyin: tun 2023 da aka rufe iyaka da Benin kaya ke zagayowa ta Lome da Burkina Faso, wanda ke shigowa ta Kano da Katsina zuwa Ɗan Issa kuma yana tafiya ne da hawa da saukar naira, ga kuɗin kwastan da na mota. Amma waɗannan kuna ba da labarinsu, kuma kowa ya san su. Na ma'adana ne ke shigowa a ɓoye, ga shi ba mai saurin warkewa ba ne, domin masana'antar cip ba rumfa ba ce da ake kafawa da safe a buɗe da yamma. TSMC ya sanar da gina tasa a jihar Arizona ta Amurka a 2020, sai ƙarshen 2024 ta fara fitar da kaya.

Akwai kuma wata illa da nake gani a rumfata. Samari na karanta waɗannan adadi, sai wani ya turo musu manhaja a waya yana cewa su zuba jika biyar su mallaki hannun jari a Nvidia, riba kullum. Na ga wanda ya sayar da wayarsa mai kyau ya zuba, manhajar ta rufe bayan mako uku. Kasuwar hannayen jari ta yankinmu, BRVM, tana Abidjan, ana shiga ta ne ta hannun dillalai masu lasisi, kuma Nvidia ba ya cikinta.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne duk lokacin da za ku buga cewa darajar wani kamfanin cip ta ƙaru da tiriliyan, ku ƙara sakin layi ɗaya kan farashin ma'adana da halin da MediaTek da Unisoc suke ciki, sannan ku turo wakilinku kasuwar waya ta Maradi ko Damagaram ko Farm Centre ta Kano ya tambayi masu sari nawa suka sayo katan ɗin bana, nawa suka sayo na bara. In ya zo Maradi, ya tambayi layin masu gyara, zan buɗe masa waya ya ga ma'adanar da idonsa.

Naka mai karatu,
Wani mai gyaran salula,
Maradi, Jamhuriyar Nijar.