Ɗana na son zama likitan zuciya, ni kuwa ƙarfina ya fara ja baya

Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri kan wannan shiri.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, gidana yana Gwammaja. Babban ɗana ya yi shekara 6 yana karatun likita a Jami'ar Bayero, ya ƙara shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, kwanan nan ya gama bautar ƙasa. Har fili na sayar saboda karatun nan. Na ɗauka lokacin da zan ɗan miƙe ƙafa ya yi, sai ya zo mini da maganar wai zai ƙware a ciwon zuciya. Wata shekara 5 zuwa 6 ke nan, da jarrabawa hawa uku, ga kwanan asibiti ba dare ba rana.

Ni mutumin lissafi ne, sai na tambaye shi: in an gama, nawa ake samu? Ya ce a asibitocin gwamnatin tarayya tsarin albashi ɗaya ne, CONMESS suke ce masa. Mataki ake dubawa, don haka likitan zuciya da likitan fata, in matakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya. Abin da ke ɗaga ƙwararre shi ne duba marasa lafiya da yamma a asibitin kuɗi da yin hoton zuciya, ita kuwa na'urar hoton ba kuɗin yaro ba ne. A Amurka, in ji shi, irinsu na samun sama da dala 300,000 a shekara. Da na buga da canjin Wapa sai da na cire hula. Abokansa da dama sun riga sun tafi Saudiyya da Ingila, mahaifiyarsa ma Saudiyyar take so, ko don Umra.

Shi kuma ya kafe a nan zai zauna. Ƙanwata ce ta raine shi, kuma ciwon zuciya ne ya yi ajalinta watanni kaɗan bayan haihuwa, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar. Ya ce irin wannan ciwo ya yi yawa a matan Arewa, ga hawan jini ko'ina, masu duba su kuwa 'yan tsiraru. In ya kawo zancenta bakina mutuwa yake.

Amma Malam, ƙannensa biyar na makaranta, kasuwa ba kamar da ba, shi kansa ya isa aure. Kunya ta hana ni ce masa na gaji. In sa baki ya fita waje ya tara abin da zai tara tukuna, ko in sa masa albarka in ci gaba da jan ragamar gidan yadda Allah ya hore? In kuma fita ce, gara kafin ƙwarewar ko bayanta?

Naka,
Wani mahaifi daga Gwammaja, Kano