Sanarwa Kan Dokar Nuni da Kariya a Wasan Magic

Assalamu alaikum ƴan uwa. Saboda gardamar da ta tashi a zamanmu na ƙarshe kan ko kariya daga fari tana tserar da halitta daga katin Wrath of God, ga bayani kan dokar nuni da kariya a wasan kati na Magic: The Gathering, domin kowa ya zo da fahimta ɗaya.

Galibi kati yana nuna abu, wato yana zaɓen abin da zai shafa, idan kalmar target ta fito a rubutunsa; haka ma katunan Aura, waɗanda suke nuna abin da za a manna su a kai tun lokacin jefa su. Halitta mai hexproof, abokin karawa ba zai iya nuna ta ba, amma mai ita yana iya. Shroud kuwa ya hana kowa, har da mai ita.

Inda aka fi ruɗewa shi ne kariya daga launi. Halittar da ke da kariya daga ja, jan kati ba ya nuna ta, ba ya yi mata rauni, jar halitta ba ta tare ta, kuma ba a manna mata jan Aura ko jan makami. Shi ya sa Pyroclasm, jan kati mai yi wa kowace halitta rauni 2, ba ya taɓa ta. Wrath of God kuwa, farin katin da a kansa aka yi musun, hallakarwa yake yi kai tsaye, babu nuni, babu rauni, don haka kariya daga fari ba ta tserar da halitta daga gare shi.

A kuma lura: idan duk abin da kati ya nuna ya zama haramun a nuna shi kafin katin ya zartar, katin ya faɗi gaba ɗaya, har da sauran amfaninsa.