Wasiƙa kan Sa wa Takardu Mahaɗai da Kwamfuta

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso tun makon jiya, ka gafarce ni da jinkirin amsa. Ka ce kuna da tulin takardu, kuna so kwamfuta ta riƙa sa wa muhimman kalmomi mahaɗi, wato abin da mai karatu zai latsa ya kai shi shafin bayaninsu, ba sai mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Irin aikin da ya hana ni barci bara ke nan, don haka bari in gaya maka yadda ta kaya da ni.

Da farko na ɗauka abin bai wuce a nemo kalma a maye gurbinta ba. Na jera kalmomin, kowace da adireshinta, na umarci kwamfuta duk inda ta ci karo da ɗaya ta naɗe ta da alamar <a> ta HTML, yaren da ake tsara shafukan intanet da shi. Kafin in ɗaga kai ta gama. Da na buɗe shafin farko sai gabana ya faɗi. A jerina akwai "jini", akwai kuma "hawan jini". Kwamfuta ta fara da gajeriyar, ta tsinke jimlar gida biyu, mai neman bayanin hawan jini sai ya tsinci kansa a shafin jini. Haka ta yi wa "Majalisar Ɗinkin Duniya", ta ciro "duniya" kaɗai ta sa mata mahaɗi. Ƙa'idar farko ke nan da na koya: doguwar jimla ita ke da gaba, sai ta wuce sannan a duba gajeru.

Babbar ɓarnar kuwa tana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ita kwamfuta ba ta bambanta rubutun da mai karatu ke gani da alamomin da ke riƙe da shafin. Ta shiga cikin adireshin hotuna ta dagula su, ta kuma cusa mahaɗi cikin wani mahaɗin, abin da dokar HTML ta hana. Don Allah kada ka bi da fayil ɗin kamar zallar rubutu. Ka sa manhaja ta fara warware shi zuwa rassansa, irin su BeautifulSoup a Python, yaren rubuta manhaja, suna yin haka, sannan ka taɓa rassan rubutu kawai. Ka tsallake kanun labari da duk abin da ya riga ya zama mahaɗi.

Akwai wani tarko da ya shafe mu kai tsaye. A JavaScript, wani yaren rubuta manhajar, alamar \b da ake gane iyakar kalma da ita ta san haruffan A zuwa Z ne da lambobi, ba ta ɗauki ƙ, ɗ da ɓ a matsayin haruffa ba. Sai ka ga ta yanke "haɗari" a tsakiya kamar kalma biyu ce. Python 3 ba ta da wannan matsalar. Ga kuma ɗafa-ƙeya: ka rubuta "littafi" a jeri, takarda ta zo da "littafin" ko "littattafai". Dole kowace kalma ka ba ta 'yan uwanta.

Ka yi maganar sauri. Kada wannan ya dame ka. Tun 1975 Alfred Aho da Margaret Corasick na Bell Labs suka fito da hanyar neman dubban kalmomi a karatu guda, ba sai an koma farkon takarda saboda kowace kalma ba, kuma an daɗe da mayar da ita kayan aiki da kowa zai iya ɗauka.

Abin da har yau nake jin nauyinsa shi ne ma'ana. "Kai" na jiki daban, "kai" da nake kiran ka daban, "kai" kaya kuma daban, amma a idon kwamfuta duk ɗaya ne. Na taɓa zama kusa da wata dattijuwa tana karanta ɗaya daga cikin shafukanmu a waya. Ta latsa kalma mai shuɗin launi da yaƙinin za ta sami ƙarin haske, sai aka kai ta inda babu ruwansa da abin da take nema. Ta yi shiru, ta ajiye wayar. Daga ranar na cire duk kalma mai fuska biyu daga jerin, na bar wa editoci su sa da hannunsu. Na kuma taƙaita mahaɗi ga karon farko da kalma ta bayyana, domin shafin da ya cika da shuɗi gajiyar da ido yake yi.

Ka adana asalin takardun yadda suke, a riƙa sa mahaɗan lokacin wallafawa kawai, kuma kowane ya ɗauki wata shaida da za ta nuna na kwamfuta ne, don ranar da za ka so kwashe su. Ka fara da takardu goma, ka karanta su da idonka. Idan ka haɗa jerin kalmominku ka turo min in duba kafin ku saki aikin.

Ka gaida mutanen gida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
amininka