A bar wa gizo-gizo wurin zama a lambunan mangwaro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu lambun mangwaro, gwaiba da lemo game da gizo-gizo, wanda da yawanmu muke kashewa da zarar mun gan shi saboda tsoron tautau, alhali ƙwari yake ci, ba ya taɓa ganye ko ɗan itace. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2017 ya nuna cewa gizo-gizon duniya suna cinye abin da ya kai tan miliyan 400 zuwa 800 a shekara, mafi yawansa ƙwari.

Yawansu a lambu ya dogara sosai da siffar bishiya. Mai saƙa yana bukatar ƙananan rassa kusa da juna inda zai ɗaura zarensa, shi kuwa mai farauta da tsalle yana fakewa ne a tsagar ɓawo da naɗaɗɗen ganye, shi ya sa tsohon mangwaro mai kaushin ɓawo da rassa hawa-hawa ya fi tara su a kan wanda aka yi wa aski ƙwal. Duk wanda ya duba cikin irin wannan bishiya da sassafe zai ga saƙa jere da raɓa, ƙananan ƙudaje maƙale a jiki. A gonakin fiyar Turai (pear) na Jamhuriyar Cek, manazarta sun naɗa kwali mai ramuka a jikin bishiyoyi domin ya zama mafaka lokacin sanyi, gizo-gizo suka ƙaru, suka kuma rage ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye.

Ba ina cewa a daina datse rassa ba ne, domin cunkoson ganye yana hana iska shiga, ya jawo cutar da ke baƙanta fure da 'ya'ya a lokacin damshi. Abin da ke damuna shi ne saran gayya da ake yi wa bishiya gaba ɗaya, a bi shi da feshi barkatai, a kuma ƙone ciyawar gindinta.

Ina kira ga cibiyar binciken amfanin lambu ta ƙasa, wato NIHORT, wadda ke da reshe a Bagauda, da malaman gona su gwada dabarar kwalin nan a lambunanmu, su kuma koya wa manoma yadda ake rage rassa daidai gwargwado.

Wassalam,
Mai karatu daga Zariya