Tukuicin masu yi mana hidima: nawa ne, hannun wa yake shiga?

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in taɓo zancen tukuicin da ake ba masu yi mana hidima.

A fara raba lada da tukuici. Lada haƙƙi ne, ana daidaita shi kafin a ɗaga kaya. Tukuici ƙari ne bayan an sauke. Wanda ya danne wa ɗan dako naira 500 a Kantin Kwari, ya dawo ya miƙa masa 200 yana cewa "ga na goro", rage bashi kawai ya yi.

A Amurka ana ba mai kawo abinci kashi 15 zuwa 20 cikin 100, don dokar tarayyarsu ta yarda a biya shi dala 2.13 a awa. Ba dole mu kwaikwaye su ba, amma mu ma da namu giɓin: mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Galibin gidajen abinci, shagunan aski da wuraren wanke mota ke nan. A ganina kashi 5 zuwa 10 ya yi a gidan abinci, wato 400 zuwa 800 a kan cin naira 8,000. Ƙaramin aiki ba a yi masa lissafin kaso, kada dai a gaza 200. Ɗan dakon da ya hau bene da kaya, a ƙara masa rubu'in ladansa.

Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar biya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 muka koma taransifa da POS, kuma asusun na mai wurin ne. Ka ƙara 500 a kai da sunan yaron shago, ta shige cinikin ranar, yaro ko labari bai ji ba. A ba shi tsaba a hannu, ko a nemi lambar asusunsa shi kansa. A duba rasit kuma: kashi 7.5 na harajin VAT na gwamnati ne, ba ruwan ma'aikaci da shi. In an rubuta kuɗin hidima, kamar yadda wasu otal-otal ke yi, a ja mai kawo abincin gefe a tambaye shi ko yana isa gare su. Kuku da masu wanke-wanke da ba a gani fa? In cin taro ne, a ware nasu daban, a faɗa a gaban mutum biyu.

Sai an gama aiki ake bayarwa. Abin da aka miƙa tun farko don a tsallake layi, musamman a ofis ko asibiti, sunansa toshiyar baki.

Wassalam.
Mai karanta jaridarku, daga Kano