Dangin wanda zan aura sun ce goshina irin na maza ne, ina so a yi min aiki

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah Ya saka miki da alheri. Don Allah a sakaya sunana, domin matan unguwarmu ba sa bari shirinki ya wuce su.

Ni budurwa ce 'yar shekara 27 a nan cikin Kano, ina ɗinki, ina kuma saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina sayarwa ta waya. Ranar Juma'ar nan wata ƙawata ta turo min saƙon murya wanda ba don kunnena aka yi shi ba. Yayar wanda zan aura ce take magana a zauren WhatsApp na danginsu, wai ƙaninta ya rasa wadda zai kwaso sai mai goshin maza, wai in aka cire min ɗankwali sai ka rantse ƙato ne. Aka yi ta shewa. Matar nan fa Anti, ni na ɗinka wa 'ya'yanta kayan sallah ban karɓi ko sisi ba, har gida na kai mata, ta rungume ni tana ce min ƙanwata. Dama tun ranar da suka zo ganina na lura da kallon da take bi na da shi, kuma kowa ya san bakinta ne ya fitar da matar wansu.

Ban musa ba, ina da goshi. Ƙashin saman girata a ture yake irin na mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, har idanuna sukan yi zurfi a hoto. Ga gashin gaba kuma ya cinye, saboda tun ina firamare Gwaggo take min kitso tana ja har bakin gashin ya yi ƙuraje, in na yi kuka ta ce ado sai da wuya. Tun a Islamiyya ake tsokanata. Shi ya sa nake jawo ɗankwali har kan gira, ko zafin bazara ba ya sa in ɗaga shi. Umma kullum cewa take goshi arziki ne, to ita nata madaidaici ne, ba ta san abin da nake ji ba.

Kada a ce maganar matar nan ce ta tunzura ni, na daɗe ina bincike. Akwai tiyatar da ake yi. Ana sa mutum barci, a yanka fatar kai ta cikin gashi daga kunne zuwa kunne, ko ta bakin gashin gaba, a yaye fatar goshi a goge ƙashin da ya turo. Sai dai a bayan ƙashin nan akwai kogon iska da ke haɗe da hanci, in ƙashin ba shi da kauri ba ya jure guga, sai an yanko bangon gaban, a gyara shi, a mayar da shi ciki kaɗan, a ɗaure da 'yan ƙananan ƙarafunan titaniyam. Shi ya sa likita ba ya yanke hukunci sai ya ga hoton CT na kai, wato hoton asibiti mai nuna ƙashi. A lokaci guda ana iya jawo fatar kai gaba don faɗin goshin ya ragu. Wani asibiti a Turkiyya da muke magana ta waya sun ce in tura hotona ta gaba da ta gefe, na tura, suka yanka min kuɗi da dala. Da na lissafa a kuɗinmu miliyoyi ne, ban da jirgi da masauki, kuma kullum sai sun tuna min in ba da kafin alƙalami.

Tsorona tabo. Hujin kunne na biyu da na yi har yau akwai ƙululu a wurin, kuma baƙar fata ta fi yin irin wannan tabon mai tudu. Saman kai ma yakan yi watanni ba ya jin taɓi, gashi na iya zubewa a layin yankan, idanu su kumbura. Da na yi wa 'yan asibitin maganar tabo sai suka turo min hotunan fararen fata.

Kuɗin kuwa ba na kowa zan taɓa ba. Ina da adashin da zan kwasa, da sarƙar gwal, da kasona a filin gadonmu, ko da yake wannan sai Yaya babba ya yarda, shi kuwa ba a gama magana da shi. Mata nawa ke shafa man bilicin suna ƙarin gashi ba wanda ya ce musu uffan?

Na tambayi malamarmu a kaikaice, kamar wata ce. Ta karanto min aya ta 119 a Suratun Nisa'i kan canza halittar Allah, da hadisin da aka la'anci masu tsige gira da masu yin wushirya don ado. Amma ta ce gyaran aibi daban yake, ta kawo sahabin da aka sare wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sanya na zinare. To nawa a wane ɓangare yake? Abin da ya hana ni sakewa cikin mata tun ina yarinya ba aibi ba ne?

Af, an riga an kawo kuɗin aure, an sa rana bayan babbar sallah. Kuma shi ma wanda zan aura yana cikin zauren. Ƙawata ta nuna min, alamar dariya ya sa a ƙarƙashin saƙon yayarsa. Daren ranar ya zo zance har da ledar tsire kamar ba abin da ya faru, ni ma ban nuna masa ba. Bai taɓa ganin kaina babu ɗankwali ba, wannan ke ƙara tayar min da hankali.

Anti, in na tunkare shi asirin ƙawata zai tonu, don matar ɗan baffansu ce, aurenta zan jefa a matsala. In na yi shiru, da wane ido zan zauna da mutumin da ya taya a yi min dariya? Umma ba ta san komai ba tukuna, kuma tana da hawan jini. Don Allah in kin gayyato likita a tambayar min maganar tabon, amma ki fara faɗa min, in ce a ɗaga bikin ne, ko in sa Baffa ya mayar musu da kuɗinsu?

Wassalam, daga 'yarki a Kano.